Lamba Bakwai ta Ridina

Kwanakin baya na shiga mota daga unguwar Gassi, inda nake zaune yanzu, zuwa tsohuwar unguwarmu ta Ridina gaisuwar mutuwa, tafiyar da ke cinye wa mutum rabin yini da duk haƙurinsa. Da na fito daga gidan makokin sai ƙafata ta ja ni lungunmu na da ba tare da ta yi shawara da ni ba. Gidan da aka haife ni yanzu shagon wayoyin hannu ne, wannan kam na daɗe da haɗiye shi. Abin da ya tsayar da ni wata baƙar waya ce da ta taso daga katangar masallaci zuwa reshen darbejiya, wata mata ta shanya zannuwanta a kai. Na san wayar nan. Ni na ɗaure ta da hannuna, har ƙullin da na yi mata a reshen yana nan, bishiyar ta girma ta haɗiye rabinsa. Matar ta ga tsoho ya tsaya yana ƙare wa shanyarta kallo, ta tambaye ni da Larabci ko lafiya. Na ce lafiya lau, na wuce. Ban ga ta inda zan fara gaya mata cewa a cikin igiyar shanyar nan tata unguwa guda ta taɓa jin muryar kanta ba.

Mu Hausawan lungun nan kakanninmu Makka suka nufa a ƙasa. Suka iso bakin kogin nan, suka ce bari su huta su nemi guzuri, hutun ya zama aure, auren ya zama 'ya'ya, 'ya'yan suka zama mu. Hausa a cikin gida muke yin ta, kamar tuwon dare. Da ka sa ƙafa a waje sai Larabci, in ka shiga makaranta ko ofis sai Faransanci. Talabijin ɗin da muka sani a lokacin 'yan awoyi yake yi ya rufe, kuma ko sau ɗaya ban ji ya yi mana sallama da harshenmu ba. Ba mu riƙe wannan a zuci ba, don ba mu taɓa zaton akwatin nan zai iya Hausa ba. Mahaifiyata har ta koma ga Allah tana ganin harshen da ake dafa miya da shi bai dace da gilashi ba.

Sai wani ɗan unguwa ya dawo daga Jidda da ƙaton farantin tauraron ɗan'adam, wanda muke kira parabol. Gidansa bai da filin da zai ɗauke shi, sai aka kai maganar zauren Baba Liman, inda ake kai kowace magana, daga ta aure har ta akuyar da ta ci shanyar maƙwabta. Dattawa suka yanke cewa farantin ya zauna bayan masallaci, a ja waya zuwa kowane gida, kuma ya zama na unguwa. Su za su faɗi tashar da za ta shiga gidajenmu da wadda ba za ta shiga ba, su za su faɗi lokacin kunnawa da na kashewa. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama makaranta ban sami aiki ba, ina gyaran rediyo a bakin kasuwa, ina kuma ji da kaina fiye da yadda ya kamata. Aka ɗora mini aikin. Na yi wata guda a kan rufin mutane, na san kwanon da ke yoyo da katangar da ke shirin faɗuwa, na ga abin da bai kamata in gani ba na kawar da kai. Tashoshi shida muka samu. Lamba bakwai babu kowa a kanta, sai shuuu da ɗigo-ɗigon fari da baƙi. Wata rana na jona mata na'urar bidiyo da wata tsohuwar kyamara da ake ɗaukar biki da ita, na tsaya a gabanta na ce, “Salamu alaikum, mutanen unguwa.” Kafin in rufe baki na jiyo wata tsohuwa ta bayan katanga ta amsa mini da ƙarfi, wa alaikumus salam.

Wuta a garin nan baƙuwa ce, in ta zo a gaishe ta, in ta tafi ba a tambayar dalili. Injin janareto muke tayarwa, shi kuma injin ba ya shan alkawari. Sai aka yi al'ada: kowace Juma'a kowane gida ya aiko da kwalbar fetur ɗaya zauren Baba Liman, irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Ba wanda ya rubuta wa ya kawo, wa bai kawo ba. Ba a buƙata, don kowace kwalba an san ta da uwar gidanta. Akwai mai toshiyar tsumma ja, akwai mai marfin ɓawon masara, akwai ta wata Hajiya da kullum ke isowa da saura yatsa uku ta cika, ta ce rana ce ta sha a hanya, alhali tsakaninta da zauren taku ashirin ne. Wanda aka yi wa haihuwa kuma, ranar suna yakan haɗa da kaset ɗin bidiyo sabo a cikin goron da ake rabawa. Da haka tashar ta rayu. Kuma duk wadda ta aiko kwalba tana da bakin magana. Mace za ta tare ni a hanya ta ce, “Kai ɗan nan, jiya ka yanke wa'azi ka sa ƙwallo, da fetur ɗin wa?” Sai in ba ta haƙuri, don da nata ne.

Abin da na fi kewa shi ne ƙarar. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, yara su ruga suna shelar an tayar, sai ka ji murya ɗaya tana fitowa daga kowace ƙofa. Kana iya tafiya daga bakin lungu har ƙarshensa ba ka rasa kalma guda ba, gidan nan ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa. Ni nake karanta sanarwa: wance ta sauka, an sami mace; wane ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar; an tsinci ɗan maraƙi mai farin goshi. Mata suna daka suna saurare, taɓarya takan tsaya cak in na ce innalillahi. Yau a gidana na Gassi tashoshi sun fi gashin kaina yawa, jikokina kowa da tasa wayar a tafin hannu da abin toshe kunne, gida cike da mutane amma shiru kamar ɗakin jiran likita. Maƙwabcina ya rasu bara, sai bayan kwana uku na ji.

Amma duk abin da muke sawa a lamba bakwai, babu kamar Iya. Ita ce mafi tsufa a unguwar, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako hanyar da ƙafarsu, tana yarinya lokacin. Ba ta da haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi na kowa kaifi. Duk Juma'a bayan la'asar sai a shimfiɗa mata tabarma a gaban kyamara, ta gyara zani, ta ɗauko labarin ayarin kakanninmu daga inda ta ajiye shi makon jiya. Gida-gida take bi, yadda mutane suka jeru a tafiyar. Ta ce gidan wane, ku mutanen Daura ne, kakanku da jaki ɗaya ya fito, jakin ma na aro. Gidan wance, ku daga Zinder kuka haɗu da mu, kakarku ce ta ɓoye gishiri a cikin matashin kai. Sai ka ji gidan da aka ambata ya kaure da dariya, ko kuma ya yi tsit. Ba ta sauri. Tana iya yin wata guda a bakin kogi ɗaya. In na ce, “Iya, a ɗan taɓa gaba mana,” sai ta harare ni ta ce ayarin shekara biyu ya yi a hanya, ita ba za ta riga shi isowa ba. Kaset ɗinmu kaɗan ne, biki kuma ba ya jira, don haka muna ɗaukar ta yau, jibi mu ɗora ɗaurin auren wani a kai. Muna ganin ai Iya tana nan.

Ni ina da dalilina na son ta yi sauri. Mahaifina jariri ne a ayarin nan. Iyayensa sun rasu a hanya, zazzaɓi ya ɗauke su kwana biyu tsakani, Iya ce ta goya shi har garin nan. Ya girma a hannun mutane, ba ya son a ta da zancen, kuma mu a zamaninmu ɗa ba ya tsare ubansa da tambayar daga ina kake. Har ya rasu ban san sunan garinmu ba, ban san sunan kakana ba. Iya kaɗai ta sani, ta kuma rufe bakinta saboda shi duk tsawon rayuwarsa. Da na taɓa mata maganar sai ta ce, “Mai gidana, naka yana ƙarshe, don a wutsiyar ayari na ɗauko ubanka. Ka jira layinka.” Haka take kirana, mai gidana, don wasan jika da kaka. Na jira, ina ƙirga gidajen da suka rage.

Ana tsakiyar haka wani Alhaji ya zo da magana. Namu ne, daga tsofaffin gidajen kasuwanci na garin, sahu ɗaya muke sallah da shi, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya ce a ba shi wayar da rufin gidajen da ta bi, shi zai sa sabbin na'urori, ya kawo babban inji, tashoshi su ninka, a huta da jigilar kwalabe. Lamba bakwai kuwa tana nan ta unguwa, ba zai taɓa ta ba. Samari suna son ƙwallo, dattawa sun gaji da sasanta rigimar wa ya taka wa wa kwano, injinmu ma ya tsufa. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, amma da yake na zauna a aji, sai na sami takarda na rubuta layi uku, da Faransanci da Hausa: cewa lamba bakwai mallakar unguwa ce ko a hannun wa wayar ta koma, cewa mai wayar zai riƙa ba ta wuta, cewa dattawa ke da ikon abin da za a sa a kanta. Na bar wurin sa hannu a ƙasa, na ninke ta, na sa a aljihun gaba.

Da hantsi aka taru a zaure. An kawo shayi, an fasa goro, an yi ta zancen kakanni. Hannuna sai zuwa aljihu yake yana dawowa. Alhajin ne ma ya lura, ya yi murmushi ya ce, “Injiniya, in takarda ce kawo ta in sa hannu, kalas, shi ke nan, ba wani abu ba ne.”

Baba Liman ya ajiye kofinsa. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, “Alhaji, kada ka ba mu kunya a zaurenmu. Ubanka ne ya yi wa ubana wankan gawa. Mu kai ka gaban takarda kamar baƙon da ba mu san gidansu ba?” Sai ya juyo gare ni. “Ɗana, akwai abin da ke damunka?”

Idanun zauren duka suka dawo kaina, mutanen da suka raɗa mini suna, waɗanda za su je nema mini aure. Na ji takardar tana taɓa ƙirjina. Na ce, “Babu komai, Baba.” Aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Wannan “babu komai” ɗin, a duk maganganun da na yi a duniya, ita ce wadda na fi tsana.

Alhaji ya cika alkawari, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Tashoshi suka yawaita, hoto ya yi kyau, lamba bakwai ta ci gaba, Iya ta ci gaba da jan ayarinta. Abu ɗaya ne ya canja wanda ba mu lura da shi ba: kwalabe sun daina zuwa zaure. Matan da ke tare ni a hanya suka daina, don yanzu ba da fetur ɗinsu ba ne. Na ɗauka hutu na samu. Ashe ranar da muka daina ɗaukar nauyin abin, ranar muka tashi daga masu shi muka koma 'yan kallo. Bayan shekara da wani abu ciwo ya kama Alhaji, aka fita da shi waje neman magani, 'ya'yansa suka sayar da harkar wayar ga wani kamfani da ke haɗiye irin waɗannan ƙananan wayoyi unguwa-unguwa. An ce Alhaji ya gaya wa 'ya'yan nasa da baki cewa akwai tashar mutanen unguwa, sun kuma gyaɗa kai.

Ranar wata Juma'a na shimfiɗa wa Iya tabarma, na kunna kyamara. Saura gida biyu a zo kan namu. Ta yi bisimilla ta fara, sai na lura lungun bai ɗauka ba. Babu muryar nan da ke bi ƙofa-ƙofa. Na leƙa gidan da ke kusa, na tarar lamba bakwai tana nuna wasu ƙarti suna kokawa a wata ƙasa. An yanke mu daga can inda sabbin na'urorin suke, ba wanda ya ga ya kamata ya sanar da mu. Na dawo na ce, “Iya, ci gaba, zan ɗauka a kaset.” Ta dube ni, ta dubi kyamarar, ta ce, “Ni da mutane nake magana, ba da akwati ba.” Ta sa aka naɗe tabarmar.

Muka je ofishin kamfanin, ni da Baba Liman da dattawa biyu. Wani matashi ya karɓe mu a ɗaki mai sanyi, da ladabinsa, har ruwa ya ba mu. Baba Liman ya ce an yi alkawari, an shafa Fatiha. Na fassara. Matashin ya ce yana girmama Fatiha, amma shi ba ya wurin, kuma abin da suka saya babu wannan a ciki, akwai takarda? Na zaro tawa, ta yi laushi saboda ninki. Ya karanta har ƙarshe, ya ce an rubuta ta da kyau, sai ya nuna mini farin wurin da ke ƙasa da ɗan yatsa, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Da muka dawo muka iso ƙofar masallaci, Baba Liman ya juyo gare ni. Ya ce, “Ita ce ta aljihunka ran nan?” Na ce ita ce. Ya ce, “Sahi, gaskiya da ka fitar.” Ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba, na shige alwala.

Daga nan na zama ɗan zarya. Ofis ya tura ni ofis, wannan ya ce sai shugaba ya dawo, wancan ya ce a rubuto da hatimi. Na ɗauki abin da zafi, don ina ganin ni na ɓata, ni zan gyara. Ana cikin haka damina ta sauka, Iya ta kwanta. Ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki, ta ƙanƙance kamar yarinya, ruwa yana ɗiga a wata tasa a gefen gadonta.

Ta ce, “Mai gidana, zauna in ba ka naka. Na tsallake gida biyun nan, ba za su yi fushi ba.”

Na ce, “Iya, ajiye shi tukuna. An ce mini mako mai zuwa za a dawo mana da tasha. Kowa an faɗi nasa unguwa tana ji, ni ma haka nake so. In sa ki a gaban kyamara, ki faɗi sunan kakana kowane gida ya ji.”

Ta girgiza kai. Ta ce, “Kai da ubanka duk ɗaya. Shi ba ya so ya ji, kai kana so a ji ka. To, Allah ya kai mu makon.”

Ba za a ce ban san tsufa ba, ba za a ce ban ga yadda numfashinta yake ba. Girman kai ne kawai. Ina so a wanke maraicin ubana a bainar jama'a, ina so ranar da tashar za ta dawo ta zama tawa. Kwana biyar bayan haka na fita tun da safe na kama layi a wani ofis, na yini a kan benci, aka ce in dawo gobe. Na iso lungu bayan azahar na tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk laka. Ni da nake sanar da unguwa mutuwar kowa, ni ne na ƙarshen jin tata. Jikarta da ta yi jinyarta ta ce mini da safen ta tambaye ni sau biyu.

Tashar ba ta dawo ba. Na bi kaset ɗinmu ɗaya bayan ɗaya ina neman ko muryarta ta tsira a wani wuri, ba abin da na samu sai amare da masu rawa, da wani ɗan guntu a ƙarshen wani biki inda ta bayyana tana gyara zani, ta buɗe baki, kaset ya ƙare. Bayan 'yan shekaru kowa ya sayi ɗan farantinsa, kamfanin ma ya tattara ya bar wayoyin a rataye. Gidajen suka watse, wasu suka koma unguwar Boutalbagar, wasu mu nan Gassi, inda fili ke da araha kuma ba wanda ya san kakan wani. Mutane suna cewa ci gaba ne, ni ma ba na musu. Na dai san cewa akwai lokacin da muke da abu ɗaya namu, muka ba da shi don kunya, kuma kunyar daga bakina ta fito.

Da na dawo daga Ridina ran nan, jikata ta same ni a tsakar gida da littafinta. Da Larabci ta yi mini magana, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ce an ba su aiki a makaranta, kowa ya rubuto garin asalin kakanninsa. Na ce ta rubuta Ridina. Ta yi dariya ta ce Ridina unguwa ce, malam ya ce gari, inda aka fito tun farko. Ta tsaya da alƙalami a sama tana jira, yadda na taɓa tsayawa ina jiran layina. Na ce mata akwai wadda ta sani, ta kuma kira ni ta gaya mini, na ce ta bari sai mako mai zuwa. Yarinyar ba ta gane ba, ta ce to me za ta rubuta. Na ce ta bar wurin fari. Ina da takarda a akwati mai irin wannan farin a ƙasanta, shekara da shekaru ke nan, ba wanda ya cike shi.